Fasfona a Aljihun Mamaci

Mijina Lebona yana da wata ɗabi'a da na yi shekara ashirin da shida ina mita a kanta. Da zarar an buga mana hatimi a gadar iyaka ta Maputsoe mun shigo Lesotho, sai ya miƙo hannu ya karɓe fasfona ya haɗa da nasa, ya zura su a aljihun ciki na kwat ɗinsa. Wai jakar mace fizgewa ake yi. Aljihun ya taɓa yagewa saboda wannan ɗabi'ar, ni na ɗinke masa shi da koren zare don shi kaɗai na samu a gidan ranar. Ran goma ga Janairu ma haka ya yi. Na ce, "Ntate," haka muke kiran namiji babba, "wata rana sai ka ɓatar mini da shi." Ya daki ƙirjinsa ya ce banki ma bai kai nan tsaro ba.

Mako guda muka zo yi a ƙauyensu, mu duba tsohuwarsa mu koma. A kwana na huɗu ya fita kallon tumaki, ya yanke jiki ya faɗi a bakin garke. Kafin a samo mota ya cika. Kukan da na yi nawa ne, ba shi na zauna faɗa ba.

A takarda ni 'yar Lesotho ce. A zahiri kuwa shekara ashirin da huɗu ina tsallaken kogi, a Ficksburg ta Afirka ta Kudu, ina dafa wa 'yan makarantar kwana abinci. Can na haifi 'yata Nthati, can na binne cibiyarta. Duk da haka wata safiya na je karɓar maganin hawan jini, na tarar da wasu ƙarti masu riguna iri ɗaya sun tare ƙofar asibiti suna cewa kowa ya nuna katin ɗan ƙasa. Na nuna takardar zamana ta dindindin, suka ce in je ƙasarmu in sha magani. Wanda ya ture ni gefe, da hannuna na yi shekara biyar ina zuba masa tuwon masara, har ƙari nake yi masa don ramamme ne. Ranar na rantse sai na zama 'yar ƙasa, ko don in daina sunkuyar da kai a garin da na tsufa.

Matar da ke ofishin da ake neman zama ɗan ƙasa ta yi mini bayani dalla-dalla. Ta ce, "Mme," haka ake kiran mace babba, "saurare ni da kyau. Sai kin cika shekara biyar da takardar nan kafin ki nema. A cikin shekarun nan, kada ki wuce kwana casa'in a waje a shekara guda. Kika wuce, sai ki koma ki fara lissafi daga farko. Ba ruwanmu da biki, ba ruwanmu da rasuwa. Hatiman fasfo muke dubawa."

Na riƙe maganar nan gam. Bukukuwa nawa na ƙi zuwa, suna nawa na aika da uzuri. Dangin mijina har suna suka laƙaba mini, Mme Hatimi. Ban damu ba, don a watan Agusta shekaruna biyar za su cika, in miƙa takarduna.

Ran ashirin da biyar ga Janairu aka binne Lebona. Washegari aka aske mini kai, aka sa mini baƙaƙen kayan takaba, aka zaunar da ni a katifa a ƙasa. Gwaggonsa ta bi ɗaki ta tattara duk abin da ya taɓa jikinsa, barguna da hula da takalma da kwat, ta naɗe a tsohon bargo mai ruwan toka, ta ɗaure da igiyar fata, aka rataye a itacen rufin ɗakin mahaifiyarsa. Haka ake yi. Ba mai taɓa ƙullin sai ranar da aka cire wa matar takaba, aka yayyafa wa kayan ruwan tsarki aka raba wa dangi. Ina kallo aka wuce da shi ta gabana, kaina bai kawo komai ba. Sai bayan kwana goma, da hawaye suka ɗan ja baya, na zazzage jakata ina neman fasfo. Nan take na tuna inda yake.

Na samu yayan mijina, Ramaisa, a jikin katangar garke. Shi ne babban gida yanzu. Tsohon ma'aikacin ma'adinai ne da ya dawo da tumbi da tari, ba ya noma ba ya kiwo, aikinsa shiga gari buga cacar lambobi da sanin abin da al'ada ta hana wasu. Ranar ya yi shirin fita, ya lulluɓe da bargo ya maƙale shi da babban fil har wuya, yana sakace haƙori da tsinken ciyawa. Na durƙusa a gabansa yadda ya kamata.

"Ntate Ramaisa, ina da magana."

"Mai takaba kunne gare ta, ba baki ba. Amma faɗi, ina sauri."

Na faɗa masa. Ya cire tsinken ya duba abin da ya ciro, ya mayar baki.

"Wato in kwance kayan mamaci masara tana tsaye a gona? Kina so ƙanƙara ta sauko ta kwantar da abincin gari guda saboda ɗan littafi?"

"Ba kayansa ba ne, Ntate. Nawa ne, hotona ne a ciki."

"Abin da ya kwana a aljihun mamaci na mamaci ne, sai an tsarkake."

"Yaushe ke nan?"

"Bayan girbi mana. Ke baƙuwa ce?"

"Yuni fa ke nan. Ni kuwa tara ga Afrilu kwanana casa'in ke cika."

"Iye, Mme Hatimi an iya lissafi! Mijinki ko sanyi bai yi a ƙasa ba, ke kina ƙirga kwanakin Turawa. Tashi ki koma ɗaki, rana ta kusa tsaka, kada a gan ki a waje."

Na tashi na koma. Na samo wani tsohon kofin silba, na ƙirga ƙwayar masara ashirin da bakwai na zuba, kwanakin da na riga na ci. Daga ranar kullum da safe sai in jefa ɗaya.

Na kira Nthati a Bloemfontein inda take aikin jinya. Ta ce, "Mme, ki ce ya ɓata a yi miki sabo mana." Na ce sabo ba ya fitowa a wata biyu, kuma duk hatiman shekara biyar ɗina suna cikin tsohon, su ne shaidata. Ta ce, "To ki bi masu tsallakar da mutane ta kogi a kan katifar iska, kowa ma yana bi." Na ce, "Nthati, ba jikina suke ƙirgawa ba. Ko a tsakiyar Ficksburg na kwana, in ba a buga mini hatimin shiga ba, ina waje." Ta ce, "Wallahi mutanen babana sai a hankali." Na ce ta iya bakinta, amma a raina na ce yarinyar nan ta rage musu.

Abin da ya fi ci mini rai, daga bayan gidan, in gari ya yi garau, ana hango dogayen rumbunan hatsi na Ficksburg. Tafiyar awa guda ce a motar haya. Kullum sai na fita na kalle su kafin rana ta ɗaga a kore ni ɗaki.

Da ƙwayoyi suka kai sittin na sake komawa wurin Ramaisa. Na ce ba sai an kwance ƙullin duka ba, a sa hannu ta gefe kawai a zaro. Ya yi kamar yana tunani mai zurfi. Ya ce wannan ya fi ƙarfinsa shi kaɗai, sai an tara dattawan dangi, su kuwa dattawa ba sa zama a kan ruwan shayi. Na gane. Na aika aka sayo rago.

Tsofaffi shida suka zo ran Asabar. Ina ɗaki ina leƙensu ta taga. Suka ci hanta, suka ci haƙarƙari, suka fasa kan suka kwashe ƙwaƙwalwa da yatsu. Maiƙo yana bin gemu yana ɗiga a bargo. Wani mai haƙori biyu ya yi ta tsotsar ƙashi har yana lumshe ido. Na rufe baki da gefen mayafi. Sai da tukunyar giya ta yi ƙasa aka tuna da ni, aka ce in zo in durƙusa.

Mai haƙori biyun ya ce, "Makoti," haka ake kiran matar ɗa ko ta tsufa, "mun duba maganarki ta kowane ɓangare. Tun kakanninmu ba a taɓa yi ba."

Na ce, "Kakanninmu ba su da fasfo, Ntate."

Ramaisa ya daka mini tsawa. "Ji bakinta! Zaman Ficksburg ne ya koya miki mayar wa manya magana? To ba za a taɓa ba. Ki zama 'yar ƙasar Turawan a lahira."

Suka kwashe da dariya. Ɗaya ya yi gyatsa ya tambaya ko akwai sauran kayan ciki ya tafi wa matarsa da shi.

Mutum ɗaya ce a gidan ban taɓa jin haushinta ba, mahaifiyar Lebona. Kowa Nkhono yake ce mata, wato kaka. Yanar ido ta rufe mata gani, da ƙyar take bambance rana da inuwa, amma kunnenta sai ka ce na mage. Kaza ta shiga ɗaki, za ta gaya maka wacce ce. Tun ina amarya take ɓoye mini kunun dawa mai tsami in na makara. A takabar nan ita ce ke lalubowa ta zauna gefen katifata ta riƙe hannuna, mu yi kukan mutum ɗaya.

Ran takwas ga Afrilu na jefa ƙwaya ta tamanin da tara. Ana jana'iza a ƙauyen gaba, gidan ya watse tun hantsi, kowa ya bi nama. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin a kan tsauni. Na ɗauki wuƙar yanka kabewa, na cire takalmana a waje, na shiga ɗakin Nkhono a kan yatsun ƙafa. Tana kwance ta juya fuska bango. Na ɗauko kujerar katako na ajiye a hankali, na hau. Ƙullin yana daidai fuskata, ina jin ƙamshin tabar Lebona a jikin bargon. Na ɗora wuƙa a kan igiya.

"Makoti, sauko."

Ko juyowa ba ta yi ba. Na ce, "Nkhono, hannu kawai zan sa. Ba wanda zai sani."

"Sama za ta sani." Ta tashi zaune da ƙyar. "Ke ba ki ga shekarar da ƙanƙara ta sauko mana ba. Ƙwayarta kamar ƙwan kaza. Da safe masara ta kai kafaɗa, da yamma ko kara ɗaya babu a tsaye. Ganyen daji muka ci har damina ta zagayo. A shekarar na binne Puleng, ƙanwar mijinki, tana da shekara uku. An ce wata mai takaba ce ta taɓa abin da ba a taɓawa. Ke gobe kin haye gada kin tafi. Idan ta sauko, ƙofata za a zo a tsaya. 'Yata, na roƙe ki, kada ki sa in mutu ana nuna ni da baki."

Aka yi tsawa a kan tsaunin, har kwanukan ɗakin suka amsa. Ni ban yarda igiyar fata tana da hulɗa da gajimare ba, na yi makaranta, na yi shekaru ina jin hasashen yanayi a rediyo. Amma tsohuwar nan tana kuka da idanun da ba sa gani, tana kirana 'yarta. Na sauko. Na mayar da kujerar inda take, na je na yanka kabewa da wuƙar.

Washegari na jefa ta casa'in, na fita bayan gida na tsaya ina kallon rumbunan Ficksburg har rana ta take tsaka. Ba wanda ya kore ni ranar. Shekara huɗu da wata takwas da na lallaɓa sun tafi a banza, ni kuma ina da shekara hamsin da uku.

Ƙanƙara ba ta sauko ba. An yi girbin da aka daɗe ba a ga irinsa ba, har mata suna tsayawa a ƙofa suna yaba mini, wai na nuna tarbiyya. Na riƙa amsawa da kai, don in na buɗe baki ban san abin da zai fito ba.

Ran bakwai ga Yuni aka cire mini takaba. Sanyi ya sauko, raɓa ta daskare fari fat a kan ciyawa. 'Yan'uwana suka zo da tunkiya da sabuwar atamfa. Aka yi mini wanka da ruwan ganye, aka ƙona baƙaƙen kayan a bayan gida. Da rana tsakar gida ta cika, an ci an sha, sai aka sauko da ƙullin aka ajiye a tabarma. Gwaggon Lebona ta durƙusa za ta kwance. Na ga ta tsaya tana jujjuya igiyar, ta ɗaure fuska kamar ba ɗaurinta ba ne.

Ta fara ɗagawa ɗaya bayan ɗaya tana yayyafa ruwa. Bargo, wani bargon, hular ciyawa, takalman roba, wanduna uku, riguna. Ta kai ƙasa ta kakkaɓe bargon toka. Shi ke nan.

Na ce, "Ina kwat ɗin?"

Na ɗaga murya, yau ba mai hana ni. "Na ce ina kwat ɗin mijina?"

Ramaisa yana kan kujera kusa da tukunyar giya. Giya ta ɗumama shi har ya cire fil ɗin bargonsa. Ya ja tsaki, ya zura hannu a ƙirjinsa, ya zaro fasfona ya jefo mini a cinya.

"Ungo, kin ishe mu. Da safen nan na cire miki shi don kada ruwa ya jiƙa shi. Maimakon godiya sai ihu."

Da ya zaro hannun, gefen rigar da ke ƙarƙashin bargon ya kifo waje. Na ga koren zare, ɗinkina, karkatacce kamar yadda na yi shi.

Na ɗauki fasfon. Bangonsa ya yi danƙo da maiƙo, yana warin zufa da taba, kuma ba irin tabar Lebona ba. Na buɗe, sai ga wata 'yar takarda a tsakiya, an ninke ta an adana don kada ta yamutse. Takardar cacar lambobi ce. Na karanta kwanan watan da inji ya buga a kanta, na sake karantawa. Biyu ga Fabrairu.

Mako guda da binne ƙaninsa ya hau ya kwance ƙullin ya zare kwat. Ranar da na fara durƙusa masa a bakin garke, fasfona yana ƙirjinsa, tsakanina da shi bai fi kamu biyu ba. Yana ƙirjinsa sa'ad da yake fasa kan ragona. Kuma ba zai iya ba ni ba, don da ya ba ni, da kowa ya san ya taɓa ƙullin. Kwat ɗin ma na gwanjo ne, ni na saya wa Lebona a bakin tasha.

Na miƙe na ɗaga takardar sama. "Ntate Ramaisa, tun biyu ga Fabrairu ƙullin nan yake a kwance. Ina ƙanƙarar? Ku dattawa da kuka ci ragona, ina ƙanƙarar?"

Mai haƙori biyu ya duƙar da kai yana neman wani abu a kwanonsa. Ramaisa ya ce, "To ai gadona ne ko yau ko gobe. Ɗan aro na yi, sanyi ake a gari." Wata daga baya ta ce a yi haƙuri, ranar farin ciki ce. Wani ya ce a ƙaro giya. Ƙyamar da na ji ta wuce fushi, ji na yi kamar na taka wani abu da ƙafa ba takalmi.

Sai na ji an ja gefen sabuwar atamfata. Nkhono ce, ta lalubo. Ta ce a hankali, "Makoti, rufa mana asiri, akwai baƙi."

Na dube ta. Na tuna yadda na cire takalma a waje, yadda na ajiye kujera ko ƙara babu, ta ji ni tana fuskantar bango. Ramaisa kuwa ya ninka ni nauyi, yana tafe yana tari, ƙasa tana amsa takunsa. Na durƙusa daidai kunnenta.

"Nkhono, ranar da ya hau kujerar, kin ji shi?"

Can ta saki atamfata ta juyar da fuska gefe.

"Shi kaɗai ya rage mini," in ji ta.

Washegari da sassafe na haye gada. Jami'in ya riƙe fasfon da yatsu biyu saboda danƙonsa, ya buga hatimi. Kwana ɗari da hamsin. Na karɓa na cusa a cikin rigata, na wuce. Kofin silbar na taho da shi, na zubar wa kajin maƙwabciyata masarar, na wanke shi na ajiye a kan kabad, na fara sabuwar shekara biyar.

Nkhono ta rasu a watan Maris na shekarar da ta biyo. Ramaisa da kansa ya kira ni, murya a sanyaye, ya ce ta yi ta kiran sunana, in zo ko na kwana biyu ne. Ina da kwana casa'in cur a hannuna. Na ɗaga kai na dubi kofin a kan kabad, na ce masa Allah ya ji ƙanta, na kashe wayar. Har yau ba ƙwaya ko ɗaya a cikinsa.